Ladan da Ba a San Ranar Zuwansa Ba

A shekarar 1938 wani masanin halayya ɗan Amurka, B. F. Skinner, ya fitar da littafinsa na farko a kan binciken da ya yi da ɓeraye. Ya ƙera akwati mai ɗan ƙarfe a ciki. Da ɓera ya danna ƙarfen sai ƙwayar abinci ta faɗo masa. Tun a 1898 Edward Thorndike ya yi makamancin haka da kyanwoyi, kuma dukansu a wuri ɗaya suka tsaya: abin da aka yi aka ji daɗi a bayansa za a sake shi, abin da aka yi aka sha wuya za a rage shi. Masana sun kasa wannan gida huɗu. Ana ƙarfafa hali ta hanyar ba da abu mai daɗi ko ɗauke abu mai damuwa, ana kuma rage shi ta hanyar kawo abu mai ciwo ko ƙwace abin da ake so. Wannan kowa zai iya haddace shi a zama ɗaya, ba zan tsaya a kansa ba. Inda maganar take da zurfi shi ne tambayar da mutane ba sa yi: yaushe ladan yake zuwa?

Skinner ya lura cewa in ɓera yana samun abinci a kowane dannawa, ranar da aka yanke abincin zai ɗan gwada, ya gane kasuwa ta tashi, ya koma gefe. In kuwa an saba masa da samu jefi-jefi, yau bayan dannawa uku, anjima bayan ashirin, sannan bayan bakwai, to ko an yanke abincin gaba ɗaya zai daɗe yana dannawa, domin ba shi da hanyar bambance rashin da ya saba da shi da rashin da ba ya ƙarewa. Skinner da Charles Ferster sun yi shekaru suna auna wannan da tattabaru, suka tara sakamakon a wani ƙaton littafi a 1957. A cikin dukkan tsare-tsaren da suka gwada, wanda yawan ƙoƙarin da ake bukata kafin lada yake canzawa ba tare da sanarwa ba shi ne ya sa tsuntsu sara ba hutu, kuma halin da ya kafa yana da wuyar mutuwa.

Je ka kasuwar Nima a Gana ranar Laraba ka tsaya kusa da mai tiren alewa. Ga uwa da kwando a ka, ɗanta mai shekara uku yana riƙe da gefen zanenta. "Mma, alewa." Ta ce babu. Ya fara kuka, ta ce babu. Ya zauna a ƙasa tsakiyar masu wucewa yana shure-shure, mai turin baro yana ihu a ba shi hanya, wata tsohuwa ta ce, "Haba 'yata, saya masa mana." Ta kwance bakin zane, ta miƙa sidi ɗaya, kuka ya tsaya nan take. A zuciyarta ta yi ƙoƙari, ai sau biyu ta hana kafin ta bayar. Abin da ta koya wa yaron kuwa shi ne "babu" ta farko da ta biyu ba su da ma'ana, kuma kuka mai ƙarfi ya fi ƙarami biya. Da kullum take saya masa da ya fi sauƙin yayewa. Ita ma an horar da ita a wurin: ta ba da kuɗi, hayaniya da kunyar idon jama'a suka ɗauke, don haka gobe hannunta zai fi saurin zuwa bakin zane. Wannan ɗaukewar damuwa ƙarfafawa ce, kuma ina mamakin yadda har malamai masu takardar shaida suke kiranta hukunci.

Daga nan zuwa shataletalen Circle, ƙirga rumfunan loto da za ka wuce. A wasan da aka fi sani a Gana ana fitar da lamba biyar cikin casa'in. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana jiran su fito tare, damarsa kusan ɗaya ce cikin 400, in ya ci kuma a biya shi ninki 240. Ɗan firamare zai iya lissafa cewa mai rumfa ne da riba. Amma ga magidanci da ya ci sau ɗaya shekaru da suka wuce, har yau yana yanka takarda kowane mako. Mutane su ce kwaɗayi ne, ko rashin tawakkali. Ban musa ba, sai dai akwai abin da ya fi wannan bayyana: yana kan irin tsarin da aka ɗora tattabarun nan. Skinner da kansa ya faɗi a 1953 cewa a kan wannan tsari caca take tsaye. Yanzu kuwa rumfar ta koma cikin waya, samari suna zuba kuɗi a kan ƙwallon Ingila tun daga Maamobi har Sabon Zango, kuma tazarar da ke tsakanin sa kuɗi da ganin sakamako ta ragu ƙwarai, abin da ke ƙara wa tarkon ƙarfi.

Allunan da ake jinginawa a jikin rumfunan nan, cike da lambobin da suka fito a baya, mutane suna tsaye suna neman sirri a cikinsu, su ma suna da ɗan'uwa a ɗakin gwaji. A 1948 Skinner ya sa tattabaru takwas a keji, abinci yana zuwa duk bayan daƙiƙa 15 ko me tsuntsu ya yi. Shida daga cikinsu suka ɗauki wata al'ada: wata tana kewaya keji ta hagu, wata tana cusa kai a kusurwa, wata tana kaɗa kai. A fassararsa, abin da tsuntsu yake yi lokacin da abinci ya faɗo shi ya maimaita, kamar shi ya jawo shi. Wasu masana daga baya sun yi masa gardama a kan wannan fassara. 

Sai bulala. A Zango ba abin da ake karewa da zafi kamar ita. A ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a ce mu ma da ita muka tashi. Hukumar ilimi ta Gana ta hana duka a makarantu a 2017, amma a gidaje da makarantun allo da yawa maganar tana nan inda take. Hujjar da aka fi kawowa ita ce, "Na gwada na gani. In na yabe shi sai ya lalace, in na zane shi sai ya gyaru." Wannan hujja ta ishe ni, domin an daɗe da warware ta. Daniel Kahneman, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 2002, ya ba da labarin lokacin da yake koyar da masu horar da matuƙan jiragen yaƙi a Isra'ila. Ya gaya musu yabo ya fi tsawa amfani. Wani gogaggen mai horarwa ya miƙe ya ƙaryata shi: duk wanda ya yaba wa a kan tashi mai kyau, na gaba sai ya ragu, duk wanda ya daka wa tsawa a kan mummuna, na gaba sai ya inganta. Abin da mutumin ya gani gaskiya ne, dalilin da ya ba shi ne ba daidai ba. Aikin kowa yana hawa da sauka. Wanda ya yi fiye da yadda ya saba yau, gobe zai koma kusa da matsakaicinsa ko an yabe shi ko ba a yabe shi ba. Wanda ya yi ƙasa da yadda ya saba, gobe zai ɗago ko ba a taɓa shi ba. Malamin da ya zane almajiri ranar da ya fi kowace rana kakarewa a hadda, washegari zai ga sauƙi, ya ba bulala yabon da ba nata ba. Ta haka ne shi ma yake samun ladansa a kan ɗaga hannu.

Ba ina cewa hukunci ba ya aiki ba ne. Bincike ya nuna yana danne hali in ya zo nan take, kuma a kowane karo. Wane gida ne yake cika waɗannan sharuɗɗa? "Bari babanka ya dawo" hukunci ne da zai zo bayan sallar isha'i a kan laifin hantsi, wataƙila ma baban ya dawo a gajiye a manta. Yaron da aka kama sau ɗaya cikin goma ya ci riba sau tara, abin da zai koya shi ne duba hanya kafin ya aikata. Kuma duka yana gaya wa yaro abin da zai bari ne kawai, ba ya nuna masa abin da zai yi a madadinsa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun haɗa nazarce-nazarcen da suka shafi yara fiye da 160,000, ba su sami alamar cewa duka yana inganta hali ba, sun kuma same shi tare da ƙarin faɗa da taurin kai.

Ƙarfin da ke riƙe mai loto a bakin rumfa ana iya juya shi zuwa alheri, kuma masu horar da dabbobi sun daɗe suna yi. Sabon hali ana yaba masa kowane karo, a take, tun daga ɗan ƙaramin matakinsa: yarinya ta wanke kofi ɗaya ba a sa ta ba, a faɗa mata a lokacin, kada a jira ta wanke tukwanen gida duka. In halin ya zauna sai a riƙa tsallake wasu karo, yabon ya koma na jefi-jefi, shi zai sa ya ɗore ko ba kowa a wurin. Uwar da ta yanke shawarar daina sayen alewar kuka kuwa ta sani tun farko cewa kukan zai ƙaru kafin ya ragu, haka ɓeran Skinner ma yakan ƙara dannawa da ƙarfi in aka yanke masa abinci. In ta karaya a wannan gaɓar ta saya, ta koya masa kuka mafi tsawo fiye da na da.