Hatimin Jiya da Kayan Yau

Kun sani wanda ya kwafi littafi ba ya sakinsa sai ya yi muƙabala da asali, falke kuwa ba ya biyan buhu sai an auna. To, kwamfuta ma tana da irin wannan al'ada sa'ad da mutane ke musayar littattafai da karatu ta intanet, hannu da hannu, ba wani rumbu a tsakani.

Ga yadda abin yake. Kowane fayil, watau littafi ko murya da aka adana cikin na'ura, akan bi shi kaf da lissafi a fitar da wata gajeriyar lamba, mu kira ta hatimi. In harafi ɗaya ya sāke, hatimin ma ya sāke. Manhajar BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a 2001, takan raba fayil gunduwa-gunduwa, kowace da hatiminta. Mai karɓa ya lissafa nasa, in bai dace ba ya zubar ya nemi wata.

Amma lissafin nan yana cin lokaci ga mai kaya da yawa. Saboda haka manhajar eMule, ta 2002, takan rubuta hatiman da ta gama cikin wani daftari, tare da sunan fayil da girmansa da ranar da aka taɓa shi. Gobe in ta tarar ukun nan suna nan yadda suke, sai ta ɗauki hatimin jiya, ba ta sake awo.

Nan ne wurin lura. Suna da girma da rana rubutun bayan buhu ne kawai. Ma'ajiyar na'ura takan lalace, haruffa su ɓaci, alhali rubutun bai motsa ba. Sai mutum ya yi ta miƙa ɓatacce, masu karɓa suna zubarwa, kuɗinsu yana ƙonewa. In kuwa shi kaɗai ke riƙe da littafin, ba wanda zai same shi cikakke.

Don haka a dogara ga hatimin jiya a hidimar kullum, babu laifi. Amma bayan ɗaukewar wuta, ko ƙaurar da kaya zuwa wata ma'ajiya, lalle a umurci manhaja ta sake awo tun daga farko. Gani ya kori ji. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu.