Ahmed Musa da Kujerar Manajan Kano Pillars

A watan Yulin 2025 gwamnatin Jihar Kano, ƙarƙashin Gwamna Abba Kabir Yusuf, ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar Kano Pillars, alhali yana cikin 'yan wasan da ke sa rigar ƙungiyar suna shiga fili. Magoya bayan Sai Masu Gida sun yi murna, kuma murnar tana da dalili: an daɗe ana kukan cewa waɗanda ake ɗora wa ragamar ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Najeriya galibi 'yan siyasa ne da ba su taɓa jin zafin fili ba. Sai dai murna ba ta amsa tambayar da ke gaban duk mai kishin ƙwallon ƙasar nan, wato me tsohon ɗan wasa yake iya canzawa idan ya zauna a ofis. Ra'ayina shi ne, sunan ɗan wasa da gogewarsa jari ne na gaske, amma ba sa aiki sai an haɗa musu da abu biyu: horo a kan aikin gudanarwa, da cikakken iko a kan kuɗi da ma'aikata. Duka biyun kuwa ba a Kano kaɗai za a samar da su ba. Mabuɗinsu yana Abuja, inda Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, da masu shirya gasar Firimiya ta ƙasa, NPFL, suke zaune.

Babu mai ja da abin da Ahmed Musa ya yi da ƙafarsa. An haife shi a Jos a 1992, ya fito daga makarantar ƙwallo ta GBS, ya taka leda a JUTH, sannan ya zo Kano Pillars, inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, adadin da a lokacin babu wanda ya taɓa kai shi a gasar. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, ya wuce CSKA Moscow a farkon 2012, ya ci kofin gasar Rasha sau uku. A 2016 Leicester City ta saye shi a kan kuɗi fiye da fam miliyan 16, wanda a lokacin shi ne ciniki mafi tsada a tarihin ƙungiyar. Zamansa a Ingila bai yi armashi ba, ya koma CSKA aro, ya wuce Al-Nassr ta Saudiyya a 2018, ya ci kofin gasar can a 2019. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya yi wasa a Turkiyya da Fatih Karagümrük da Sivasspor, ya sake dawowa Kano a 2024. A rigar Super Eagles kuwa yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin Afirka a 2013, ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018, kuma ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 100.

Wannan doguwar tafiya ba ado ba ce kawai. Mutumin da ya zauna a ƙungiyoyin ƙasashen waje biyar ya ga yadda ake rubuta kwantiragi kuma a mutunta shi, ya ga likita da mai gyaran jiki suna jiran ɗan wasa kafin ya ji rauni, ya ga albashi yana shiga a ranar da aka ce. Ya san bambancin ƙungiyar da ke tafiya wasan waje a tsare da wadda 'yan wasanta ke kwana a mota daga Kano zuwa Uyo ko Fatakwal su sauka su shiga fili. Idan yaro ya zo ofis yana kukan kuɗin sa hannu ko alawus ɗin wasa, ba sai an yi wa irin wannan manaja dogon bayani ba. Haka nan sunansa yana buɗe ƙofofin da wasiƙar sakataren ƙungiya ba ta buɗewa: kamfanin da zai yi jinkirin sa sunansa a rigar ƙungiyar jiha zai ɗaga waya idan Ahmed Musa ne ya kira. Kuma shi ba baƙo ba ne a harkar kasuwanci, domin yana da cibiyar wasanni da gidan mai a Kano. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya raina shi bai yi adalci ba.

Amma aikin manajan ƙungiya mafi yawansa ba a fili yake ba. Kasafin kuɗi ne, da lissafin abin da aka samu a ƙofar shiga, da rajistar 'yan wasa kafin a rufe kasuwa, da sanin dokokin FIFA a kan diyyar renon matashin ɗan wasa idan aka sayar da shi waje, da tsaron 'yan kallo, da sallamar mutumin da kuka yi shekaru kuna cin abinci tare idan aikinsa ya gaza. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya a gefen dama na fili. Tsofaffin 'yan wasan da suka yi suna a ofis kusan dukansu sun bi matakala ne. Michael Emenalo, wanda ya tsare wa Najeriya baya a gasar duniya ta 1994, ya shiga Chelsea a 2007 a matsayin mai leƙen wasan abokan karawa, ya zama mataimakin koci, sai a 2011 ya zama daraktan harkar ƙwallo na ƙungiyar, kuma ya riƙe kujerar har 2017, shekarun da Chelsea ta ɗauki kofin Zakarun Turai da na Firimiyar Ingila biyu. Edwin van der Sar da ya daina tsaron raga a 2011 komawa karatu ya yi a kan gudanar da wasanni, ya fara da sashen talla na Ajax a 2012, sai bayan shekara huɗu ya zama shugaban gudanarwa. Ko da matakalar ma ba a ba kowa tabbas ba: Oliver Kahn ya shiga hukumar Bayern Munich a 2020, ya hau shugabanci a 2021, aka sallame shi a watan Mayun 2023 a ranar da ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar Jamus. Idan wanda aka shirya ya iya yin tuntuɓe, wanda aka ɗauko daga ɗakin sauya kaya aka ɗora rana ɗaya yana buƙatar taimako mai yawa.

Sai dai da a ce horo ne kaɗai matsalar, da da sauƙi, domin ana iya koyo, kuma mutum yana iya ɗaukar akanta da lauya su rufa masa. Babbar matsalar ita ce wa ke riƙe da jaka. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 bayan an haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, mallakar gwamnatin jiha ce, kamar yawancin ƙungiyoyi 20 da ke gasar Firimiya. A irin wannan tsari manaja ba ya tsara shekara uku, domin bai san ko za a saki kuɗin wata uku masu zuwa ba. Takarda yake rubutawa, ta bi ta ma'aikata, ta jira sa hannu. Gwamnan da ya naɗa shi zai iya rushe hukumar ƙungiyar da sanarwa ɗaya, kuma idan zaɓe ya kawo sabon gwamna, yawanci sabuwar hukuma ce ke biyo baya. Wanda ke zaune a wannan kujera, ko da shi ne ya fi kowa iya ƙwallo a Afirka, mai riƙon ƙwarya ne. Abin da ya faru a Aba ma haka yake: Gwamna Alex Otti ya naɗa Nwankwo Kanu shugaban Enyimba a 2023, bayan Felix Anyansi-Agwu ya shafe fiye da shekara ashirin a kan kujerar. Anyansi-Agwu ba tauraron fili ba ne, amma a zamaninsa Enyimba ta ɗauki kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004, kuma abin da ya samu wanda 'yan kaɗan ke samu shi ne daɗewa da sakin hannu. A ɗaya gefen, Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta gina filinta da makarantar renon yara, ta yi haƙuri da kocinta, ta ɗauki kofin Firimiya a 2025. Ba sunan wani tsohon ɗan wasa ne ya kai ta ba. Tsari ne da ba ya canzawa da canjin gwamnati.

Akwai kuma wani ƙulli da ya keɓanta da naɗin na Kano, wanda ban ga amfanin kauce masa ba: mutum ɗaya ya zama ɗan wasa kuma manaja a lokaci guda. Da safe koci ne ke ba shi umarni a wajen atisaye, da yamma shi ne ke zaune a cikin waɗanda za su yanke ko kocin zai ci gaba da aiki. Wane koci ne zai ajiye irin wannan ɗan wasa a benci da kwanciyar hankali? Wane matashi ne da ke neman gurbi ɗaya da shi zai kai ƙara, kuma wa zai kai wa? Wannan ba zargin halin Ahmed Musa ba ne, mutum ne da aka sani da kyauta da sauƙin kai. Amma ba a gina ƙungiya a kan kyawun halin mutum ɗaya, domin dokar da aka sassauta saboda mutumin kirki ita ce wani zai gada gobe.

Wanda ke son ganin iyakar abin da suna ke iya yi, ya dubi batun tarzomar 'yan kallo. A watan Afrilun 2022, bayan an far wa motar Katsina United a Kano, an zaftare wa Pillars maki, aka kore ta daga gida, ta koma buga wasanninta a filin Moshood Abiola da ke Abuja, filin da ke ɗaukar mutum kusan 60,000 amma babu jama'arta a ciki. A ƙarshen wannan kakar ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta faɗa gasar 'yan dagaji. Ta dawo a 2023. Sai ga shi a watan Oktoban 2025, wata uku kacal da naɗin sabon manaja, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalai da baƙi. NPFL ta cire wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta mayar da wasanninta na gida Katsina. Ahmed Musa ya fito ya ba da haƙuri, kuma ya kyauta. Amma jama'ar da ke ƙaunarsa ita ce ta tsallaka shinge. Abin da ke hana irin wannan shi ne tikiti mai lamba, da shinge mai ƙarfi, da masu tsaro da aka horar aka biya, da kama wanda ya yi laifi a kai shi kotu. Kowannensu kuɗi ne da iko, kuma filin kansa na gwamnati ne, ba na ƙungiya ba.

Za a ce: to, su 'yan siyasar da ake naɗawa wace makarantar gudanar da ƙwallo suka je? Me ya sa sai da aka naɗa ɗan wasa aka tuna da takardar shaida? Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma na yarda da rabinsa. Idan zaɓi tsakanin ɗan jam'iyyar da ake son saka wa ne da mutumin da ya ba ƙwallo rayuwarsa, na biyun ya fi cancanta nesa ba kusa ba. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne inda suka ɗauka cewa naɗin ya wadatar. Haɗarin naɗa tauraro shi ne yana iya zama garkuwar gwamnati: idan an ci, an yaba wa wanda ya naɗa; idan albashi ya makale ko ƙungiya ta yi ƙasa, jama'a sunan da suka sani za su kira. Mutumin da ya kwashe shekara goma sha biyar yana tara mutunci zai iya zubar da shi a kaka biyu saboda laifin da ba shi da ikon gyarawa. Masu son Ahmed Musa su ya kamata su fi kowa tambayar me aka rubuta a takardar naɗinsa: shekara nawa, kasafi nawa, wa ke sa hannu a asusu, wa ke ɗaukar koci.

A nan ne Abuja ta shigo. NFF da NPFL suna da makami a hannunsu wanda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta daɗe da wajabtawa, wato lasisin ƙungiyoyi, wanda ke duba fili da ma'aikata da matsayin ƙungiya a doka da asusunta da renon matasa. Da za a riƙe shi da gaske, ƙungiyar da ake bin ta albashi ba za ta yi rajistar sabon ɗan wasa ba, kuma kowace ƙungiyar jiha sai ta zama kamfani mai asusun kansa da ake bincika duk shekara, da manaja mai wa'adin da ba a yanke shi da sanarwar rediyo. Haka kuma babu abin da zai hana a sa sharaɗin cewa manajan ƙungiyar Firimiya ya yi kwas na gudanarwa, kamar yadda ake neman koci ya nuna lasisin CAF kafin ya zauna a benci, sannan a buɗe wannan kwas ga 'yan wasa tun suna taka leda, a lokacin hutun kaka. Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a 2024 tana ƙarƙashin Shehu Dikko, wanda ya shafe shekaru yana shugabantar kamfanin da ke shirya gasar a da, don haka ya san waɗannan matsaloli ciki da bai. A Pillars, da El-Kanemi Warriors, da Katsina United, da Wikki Tourists, akwai 'yan wasan da shekarunsu suka haura talatin, waɗanda ba su je Mosko ko Riyad ba, kuma babu gwamnan da zai kira su. Su ne za su cika ofisoshin ƙungiyoyin Arewa nan da shekara goma, idan an buɗe musu aji tun yanzu.