Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya: Amfanin Kai Shi Ga Likita

Da wuya a shiga wata makarantar allo ko ta boko a Amrigebe ba a tarar da yaron da malamai suka gaji da kiran sunansa ba. Ba ya iya zama a tabarma, yana katse wa manya magana, idan aka aike shi kanti sai ya dawo hannu rabbana domin ya mance saƙon. Mu iyaye da malamai mun saba kiransa mai kunnen ƙashi, wasunmu kuma su ce shafar aljanu ce. Daga nan sai bulala ta zama abincinsa safe da yamma.

Likitoci kuwa sun daɗe da sanin wata larura mai irin waɗannan alamomi. Tun a 1902 likitan yara George Still ya yi bayaninta a birnin Landan. A Faransanci ana kiranta TDAH, a Ingilishi ADHD, wato rashin tattara hankali tare da yawan ƙiriniya da gaggawa. Wani bincike na 2007 da ya haɗa nazarce-nazarce daga nahiyoyi daban-daban ya nuna cewa tana shafar kimanin yara 5 cikin 100. Ke nan a ajin ɗalibai 80 ana iya samun huɗu. Nazarin tagwaye kuma ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, fiye da 70 cikin 100.

Sai dai ba kowace ƙiriniya ce larura ba. Likita ba ya yanke hukunci sai alamomin sun kai wata 6, sun fara kafin shekara 12, suna bayyana a gida da makaranta, kuma suna cutar da karatun yaro ko zamansa da mutane. Wasu ma, musamman 'yan mata, ba su da ƙiriniya ko kaɗan: suna zaune shiru amma hankalinsu ya yi nisa, sai a ɗauke su daƙiƙai.

Amfani na farko shi ne binciken kansa. Yaron da ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allon bango, ko yake fama da ƙarancin jini ko rashin barci, duk yana iya kama da mai wannan larura. Haka nan akwai farfaɗiyar da ke ɗauke hankalin yaro na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, da kuma tabon da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yake bari a ƙwaƙwalwa. Kowanne da maganinsa daban.

Na biyu, sanin sunan larurar yana sauke nauyi daga gidan gaba ɗaya. Uwa za ta huta da zargin gazawa wajen tarbiyya, uba ya ajiye bulala, yaron da ya shekara da shekaru yana jin cewa shi lalatacce ne ya fahimci akwai dalili. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu larurar da ba a kula da su ba sun fi fuskantar barin makaranta, haɗurran hanya da shaye-shaye, mu kuwa mun san ɓarnar da Tramol ke yi wa matasanmu.

Na uku, yana buɗe hanyar taimako. Jagoran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 2010 domin ƙasashen da ke da ƙarancin ƙwararru ya sa horar da iyaye a gaba da magani. A ba yaro umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana dubansa a ido. A zaunar da shi kusa da malam, a rage masa tsawon darasin allonsa, a yaba masa nan take idan ya kammala. Idan hakan bai wadatar ba, ƙwararren likita yana iya rubuta maganin methylphenidate ga wanda ya kai shekara 6. Kada mu kuskura mu saya wa yaro ƙwayar sa barci daga masu talla.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Cadi, don haka a fara da likitan yara, kamar a Asibitin Uwa da Yaro na Injamena. Masu dangi a Nijeriya suna iya neman asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Maiduguri, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A tafi da rubutaccen bayanin malaman makarantun biyu, domin zai sauƙaƙa wa likita aikinsa.

'Ya'ya amana ce a hannunmu, neman magani kuwa ba ya hana addu'a. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin renonsu, amin.