Matsalar Rashin Saukar Wasiƙun Imel a Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Makarantu da ma'aikatu sukan aika sanarwa da takardun kira ta wasiƙar imel. Ɗalibin da yake jiran saƙo daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, alal misali, yana iya buɗe manhajar karanta wasiƙu ta kwamfutarsa, kamar Outlook ko Thunderbird, ya tarar babu sabon saƙo, alhali kuwa an aiko. Idan bai san yadda zai yi ba, wa'adin da aka ɗiba yana iya wuce shi. Wannan darasi zai bayyana musabbabin matsalar da matakan warware ta.

2.0 Yadda Manhajar Take Aiki

Wasiƙa ba ta zuwa kwamfutar mutum kai tsaye. Tana sauka ne a babbar na'urar kamfanin da ya ba shi adireshi, kamar Gmail ko Yahoo, wadda ake kira uwar garke. A ɗauka cewa wani malami a Zauro yana da akwatin gidan waya a Birnin Kebbi, yana kuma da ɗan aiken da yake kwaso masa wasiƙu. Akwatin shi ne uwar garke, ɗan aiken kuwa shi ne manhaja. Idan ɗan aike ya dawo hannu Rabbana, ba lallai ne a ce wasiƙa ta ɓace ba. Ko dai hanya ta yanke, ko makulli ya ƙi buɗewa, ko ya nufi wani gidan waya na daban, ko kuma akwatin ya cika.

Ƙa'idoji biyu manhaja take bi wajen ɗauko saƙo. Ƙa'idar POP takan sauke wasiƙa a kwamfuta, kuma tana iya share ta daga uwar garke. Ƙa'idar IMAP kuwa takan bar wasiƙa a can, ta nuno kwafinta kawai.

3.0 Matakan Bincike

Hausawa sun ce, sanin wurin bugu shi ne ƙira. Don haka matakin farko shi ne a buɗe akwatin a shafin intanet na kamfanin, ba ta manhaja ba. Abin da aka gani zai nuna inda matsalar take.

3.1 Idan shafin ya ƙi buɗewa, hanya ce ta yanke. A duba data da ƙarfin sabis. Wani lokaci laifin ya fi ƙarfin mai kwamfuta, kamar yadda ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, sadarwa ta yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta.

3.2 Idan shafin ya buɗe amma babu wasiƙar, a leƙa jakar saƙonnin banza, sannan a duba ko akwatin ya cika. Gigabait 15 Gmail yake bayarwa kyauta, kuma idan suka ƙare sabon saƙo ba ya shiga.

3.3 Idan wasiƙar tana nan, to laifin na manhaja ne. Sai a duba abubuwa uku:

(a) Kwanan wata. Akwai ɗan batir a cikin kwamfuta mai riƙe agogonta. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai manhaja ta ƙi amincewa da shaidar tsaro ta uwar garke.

(b) Kalmar sirri. Tun daga 30 ga Mayu, 2022, Google ya daina karɓar kalmar sirri ita kaɗai daga tsofaffin manhajoji. Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com da Hotmail daga 16 ga Satumba, 2024. Maganin shi ne a sabunta manhajar, ko kuma, ga mai Gmail, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya karɓi kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16.

(c) Adireshin uwar garke da lambar ƙofa. Ga Gmail, imap.gmail.com da ƙofa ta 993 ake sa wa IMAP, sannan pop.gmail.com da ƙofa ta 995 ake sa wa POP. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana saƙo sauka.

4.0 Kammalawa

An ga cewa bincike yana farawa ne daga shafin intanet, domin shi yake rarrabe laifin hanya da na akwati da na manhaja. Wajibi ne a guji gaggawar goge akwati daga manhaja da nufin sake ɗora shi. Idan ƙa'idar POP ake bi, mai yiwuwa tsofaffin wasiƙun a kwamfutar kaɗai suke, kuma goge su asara ce da wuya a mayar. A fara adana kwafinsu tukuna.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambanta tsakanin ƙa'idar POP da ta IMAP.
2. Me ya sa kuskuren kwanan wata yake hana wasiƙa sauka?