Battar Tsoho da Kwalbar Sarkin Sin

Duk wanda ya tashi a ƙasar Rano ko Kibiya ya san tsohon da zai zauna gindin bishiya ranar kasuwa, ya laluba aljihu ya zaro batta, ya ɗan ƙwanƙwasa ta a tafin hannu, ya shaƙi garin taba da aka niƙa da kanwa. Yau robar magani ce ta maye gurbin battar. Ita ta asali kuwa aikin gwanaye ce: a gina siffa da yumɓu, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙirgin da aka kankare, a shanya, in ya bushe a farfasa yumɓun a zazzage. A Agadas har zane ake yi mata da kakin zuma kafin a rina, inda kakin ya rufe sai ya fito fari.

Mutanen Sin ma sun yi fama da abin da mai batta ke fama da shi, wato laima. Turawan Fotugal na cikin waɗanda suka kai musu taba, kuma a zamanin daular Qing, wadda ta fara a 1644, shaƙar taba ta zama ado a fadar Beijin, ana ɗaukarta maganin mura da ciwon kai. Akwatin da Turawa ke zuba tasu bai hana danshi shiga ba, sai Sinawa suka koma ga 'yar kwalba mai ƙaramin baki, wadda ke ɓuya cikin tafin hannu, da ɗan cokali maƙale a jikin murfinta.

An yi ta da gilashi, da dutse mai daraja, da hauren giwa, amma ta tangaran ta fi jan hankalina saboda wahalar adonta. A garin Jingdezhen ake ƙera mafi yawansu. Sau biyu ake gasawa. Gashin farko da wuta mai zafin kusan digiri 1,300, har farin yumɓun ya kame ya yi sheƙi. Sannan mai zane ya ɗauki garin gilashi da aka haɗa da launi ya zana a kai da siririn buroshi, a mayar cikin wuta mai sauƙi, wajen digiri 800, garin ya narke ya manne. In wuta ta yi yawa launi ya ƙone, in ta gaza ya ɓamɓare. Ja-ja mai haske da ya yi tashe tun wajen 1720 daga ƙurar zinariya ake samo shi.

Zanen kuma ba na banza ba ne. Jemage, wanda mu nan ba ma marmarin gani a ɗaki, alamar arziki ne a wurinsu. Tarin yara maza suna wasa addu'ar zuri'a ce. Macijin almara mai farce biyar na sarki ne. A zamanin Sarki Daoguang, 1820 zuwa 1850, an yi yayin zana gyare da ƙananan karnuka. A gindin kwalba sukan rubuta sunan zamanin sarki, ko da yake 'yan jabu sun daɗe da ƙwarewa a wannan rubutu, har sun cika kasuwa. Ta gaske kuwa kuɗinta sai wane da wane: a 2011 an sayar da wata ta zamanin Sarki Qianlong, mai irin wannan ado a kan gilashi, a Hong Kong kan dalar can sama da miliyan 25.

Da wuya a tsinci irinta a Rano, amma 'yar uwarta na nan cikin jeren iyayenmu mata. Kwanonin samira masu furanni dabara ɗaya ce, garin gilashi aka narkar, sai dai a kan ƙarfe, kuma 'yan kasuwar Hong Kong ne suka kafa masana'antunsu a Legas da Kano a shekarun 1960.

Abin da ya raba batta da kwalbar Sin, a ganina, ba gwaninta ba ce. Su sun rubuta zamani a gindi, sun adana a fada, masu bincike sun bi sawu. Tamu ba suna ba shekara, in tsoho ya rasu ma ba a sa ta cikin gado. Mai son ganin sabuwa yanzu sai ya hau mota zuwa Kano, ya nemi layin masu kayan fata a Kasuwar Kurmi, inda baƙi 'yan yawon buɗe ido suka fi mu tambayar kuɗinta.