Injin 3D mai cin ƙwayar roba: inda aikin yake, da inda ƙarfe ke cinyewa

A watan Satumba na 2014, a wajen wani baje kolin injuna a birnin Chicago na Amurka, kamfanin Local Motors ya buga gangar jikin wata ƙaramar mota mai suna Strati cikin awa 44. Cibiyar bincike ta Oak Ridge ce ta ƙera injin da ya yi aikin, tare da kamfanin Cincinnati Incorporated. A 2019 kuma Jami'ar Maine ta buga jirgin ruwa mai tsawon ƙafa 25, nauyinsa ya haura tan biyu, cikin kwana uku. Babu ɗaya daga cikin waɗannan injuna da ya yi amfani da zaren robar da aka saba gani a ƙananan injunan 3D na kan tebur. Ƙwayar roba aka riƙa zuba musu.

Ƙaramin injin tebur yana da sauƙin sha'ani. Zarensa yawanci kaurin milimita 1.75 ne, wasu haƙoran giya na tura shi cikin hita, ya narke, ya fito ta ƙaramar kafa da ake kira nozul. Gwargwadon zaren da aka tura, gwargwadon robar da za ta fito. In ana son tsayawa sai a ja zaren baya kaɗan. Illarsa ita ce nawa da tsada: kilo ɗaya na iya cin yini guda ko fiye, kuma shi kansa zaren daga ƙwaya aka yi shi, sai ka biya kuɗin aikin da aka yi masa. Ƙwayar kuwa ita ce dai wadda masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa a Kano ke saye buhu-buhu. Ta fi zare araha nesa ba kusa ba, kuma manyan injuna na narkar da gomman kilo nata cikin awa ɗaya.

Wanda ya taɓa leƙa cikin injin markaɗe ya ga murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jan wake ko tumatir daga mazurari zuwa faranti. Irinsa ne a cikin kan injin ƙwaya, sai dai wannan sukuru yana juyawa ne a cikin bututun ƙarfe da hita ta kewaye. Kashi uku ne. A farko kwarin da ke tsakanin murɗe da murɗe yana da zurfi, don ya ɗebi ƙwaya. A tsakiya kwarin na raguwa a hankali, ƙwaya na matsuwa, iska na komawa baya, roba na narkewa. A ƙarshe kwarin marar zurfi ne, nan ake tara matsin da zai tura narkakkar roba waje. Wani ɓangare mai yawa na zafin ma ba daga hita yake zuwa ba, daga gugar roba da ƙarfe ne.

To, sukuru ba ma'auni ba ne. Yana jan roba gaba, amma matsin da ya taru a bakin nozul yana mayar da wata baya ta cikin kwarin, wata kuma ta sulale ta saman murɗen. Abin da ya rage shi ke fita. Sannan narkakkar roba ba ta da hali ɗaya: in aka ƙara gudu sai kaurinta ya ragu, in zafi ya sauya kaɗan sai gudunta ya sauya. Shi ya sa ninka juyin sukuru ba lallai ya ninka robar da ke fitowa ba. Ga kuma jinkiri. Kan injin na rage gudu in ya zo kwana, amma matsin da ke ciki bai sauka nan take ba, sai roba ta taru a kwanar ta yi tudu. Da ya miƙe ya ƙara gudu, matsi bai gama dawowa ba, sai layin ya sirance. In aka tsayar da sukuru ma roba na ci gaba da ɗiga, don babu zaren da za a ja baya.

Masu ƙira na magance wannan ta hanyoyi daban-daban. Mafi arha shi ne a koya wa kwamfutar injin ta riga kwana: ta rage juyin sukuru tun kafin a iso, ta ƙara shi kafin a fita. Wasu na sa bawul a bakin nozul ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Mafi inganci shi ne a sa famfo mai giya biyu tsakanin sukuru da nozul, wanda kowane juyinsa ke wuce da adadin roba kusan iri ɗaya. Sukuru ya tsaya kan narkarwa, famfo ya riƙe awo, na'urar auna matsi ta daidaita su. Amma duk abin da aka ƙara nauyi ne, kuma wannan kai ana yawo da shi ne a kan hannun injin, ba a girke yake a ƙasa ba. Saboda wannan dalilin ne ma sukurunsa yakan fi na masana'anta gajarta, wanda tsawonsa kan ninka faɗinsa sau 20 zuwa 30.

Sau da yawa laifin ba na sukuru ba ne, na maƙogwaron mazurari ne. In zafi ya hau can, ƙwaya ta fara laushi ta manne da juna ta toshe hanya, sukuru na juyawa babu komai a cikinsa. Don haka ake sanyaya wurin da fanka ko ruwa. Sai laima. Robobi irin su nailan da ABS da PETG na shan danshin iska, a cikin bututu danshin ya zama tururi, layi ya fito da kumfa yana tartsatsi. ABS kan so a busar da shi awa biyu zuwa huɗu a zafin digiri 80 kafin a zuba.

Babban abu in an buga shi da roba zalla yakan lanƙwashe yayin da yake hucewa, don haka ake gauraya ƙwaya da guntayen zaren kabon ko na gilashi. ABS mai kashi 20 cikin 100 na kabon ya zama ruwan dare a wannan sana'a. Zaren ya gyara lanƙwasa, amma yana kankare ƙarfe. Nozul ɗin tagulla ba ya jimawa: kafarsa ta buɗe, bakinsa ya gajarce. Ana maye gurbinsa da ƙarfe mai tauri, ko tungsten kabaid, ko mai bakin dutsen yaƙutu. Wannan cinyewa a fili take, kuma canza nozul aikin mintoci ne.

Wadda ta fi ɓarna ita ce wadda ido ba ya gani. Tsakanin saman murɗen sukuru da bangon bututu akwai 'yar rata, bisa ƙa'ida kusan kashi ɗaya cikin dubu na faɗin sukurun. Zaren gilashi da na kabon na cin ɓangarorin biyu, musamman a tsakiya, inda matsi ya yi yawa alhali ƙwaya ba ta gama narkewa ba balle ta zama man shafawa. Rata na faɗi, roba na ƙara sulalewa baya, abin da ke fita na raguwa. Mai injin ya ga layi ya sirance, sai ya ƙara gudun sukuru. Gudu ya ƙara guga, guga ta ƙara zafi, robar ta fara ƙonewa ta sauya launi, ta kuma tsinke ta ƙara samun hanyar komawa baya, ƙarfe na ci gaba da cinyewa fiye da dā. A ganina nan ne aka fi yin asara, domin ana ta gyara lissafi a kwamfuta alhali injin da aka yi wa lissafin ya riga ya zama wani. Masu ƙira na taurara fatar sukuru da naitirojin, ko su yi wa saman murɗen walda da ƙarfe mai jure guga irin Stellite, su kuma yi wa bututu rufin ciki mai tauri. Duk jinkirtawa ne, ba hanawa ba.

Gano wannan cinyewa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, sikeli da agogo sun isa. Ranar da injin yake sabo, a juya sukuru a wani gudu da zafi da aka sani, a tari robar minti ɗaya, a auna, a rubuta. A riƙa maimaitawa da irin wannan ƙwayar. In nauyi na sauka a hankali, lokacin zare sukuru a auna shi ya yi. Kada a juya sukuru kafin robar da ta kwana a ciki ta narke, yana iya karyewa. Kuma bayan aiki da ƙwaya mai zare a wanke bututu da roba zalla.

Masu sha'awar wannan inji don ya ci niƙaƙƙiyar robar bola, kuma lallai yana ci, su sa ido a kan abu biyu. Guntayen ba girmansu ɗaya ba, kowane juyi na ɗibar nauyi daban, kuma sun fi ƙwaya saurin toshe mazurari. Yashin da ya maƙale a jikinsu kuwa ya fi yawancin ƙarfen sukuru tauri. Sai an wanke, an tankaɗe, an busar, an kuma sa maganaɗisu a mazurari ya tsince guntun waya da ƙusa kafin su kai ga murɗen farko.