Darasin Sa-kai ga 'Yan Firamare a Ƙasar Daura

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne, kuma tilas. To amma shiga aji daban, iya karatu daban. A ƙauyukan Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua, ba abin mamaki ba ne a ga ɗan aji huɗu yana kwafe allo tsaf da kyakkyawan rubutu, amma a nuna masa "ba" da "bi" ya yi tsuru-tsuru.

Nan aikin ɗan sa-kai yake. Ɗalibin kwaleji da ya dawo hutu ko malamin da ya yi ritaya yakan tara yara kaɗan bayan la'asar a zaure, ya raba su bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Da Hausa ake farawa, kamar yadda shirin RANA na UNICEF ya yi a makarantun Katsina da Zamfara. Tsakuwa da murafen kwalba sun isa koyar da lissafi.

Matsalar ita ce ɗorewa. Damina tana kwashe yara zuwa gona, talla tana janye 'yan mata, shi kuma mai koyarwar, da ya sami aiki a birni, sai ya tafi.